Ingarma a Ƙurar Hunturu: Tsadar Riƙon Mota Mai Gudu a Parakou da Djougou

Idan Bahaushe ya ce mota tana da ƙarfi, yana iya nufin ɗaya daga abubuwa biyu waɗanda ba kasafai suke haɗuwa a mota guda ba: ko dai tana da ƙarfin tashi da gudu, ta yadda da an taɓa totur za ta cilla, ko kuwa tana da ƙwari, wato tana jure wahalar hanya da nauyin kaya da tsawon shekaru ba tare da ta kwanta a gareji ba. Rashin bambance waɗannan ma'anoni biyu shi ne tushen asarar da masu saye da dama suke tafkawa a kan manyan motocin Turai da Amurka, kuma ba a cika samun wurin da bambancin yake fitowa fili kamar arewacin Jamhuriyar Benin ba, inda mota take sauka daga jirgin ruwa a Kwatano, ta yi tafiyar yini guda, ta tarar da mai da hanya da iska waɗanda ba don su aka ƙera ta ba.

Parakou, babban birnin yankin Borgou, yana da nisan kilomita 400 da ɗoriya arewa da Kwatano, kuma a nan ne layin dogon da ya taso daga bakin teku ya tsaya tun 1936, abin da ya mayar da garin wurin sauke kaya daga jirgin ƙasa zuwa manyan motoci masu nufar Malanville da Gaya da cikin Nijar. Daga nan wata hanya ta yi yamma zuwa Djougou, tsohon zangon fataken Hausa da ke zuwa Gwanja sayen goro, wata kuma ta yi gabas ta Nikki zuwa iyakar Najeriya. Shekaru da dama ayarin motocin da Hausawa suke kira 'yan Kwatano, wato motocin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje kafin a kawo su, ta wannan gari suke ratsawa, kuma wasu daga cikinsu a nan suke samun masu su, har a gan su a ƙofar gidaje a Zongo da Titirou da kewayen kasuwar Arzèkè. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a wani rahoto na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 an fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14 daga Turai da Amurka da Japan, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa.

Abin da ake nufi da mota mai gudu a nan shi ne wadda aka matse ƙarfi mai yawa daga inji, kuma ma'aunin da ake amfani da shi shi ne ƙarfin doki. Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna tun 1975 kuma ta yi shekaru tana jigilar fasinja a hanyoyin yankin nan, injinta na lita biyu bai kai doki 100 ba. Land Cruiser ta daji mai injin gas na lita 4.2 tana ba da doki wajen 130 ne kacal. Amma Mercedes-AMG A 45 S, da inji na lita biyu daidai da na 504, tana fitar da doki 421. Ƙarfe dai ƙarfe ne, saboda haka wannan ninki huɗu ba daga sama yake faɗowa ba: ana samunsa ne ta hanyar tura iska cikin inji da tsiya, da fesa mai da matsi mai tsanani, da rage tazarar da ke tsakanin sassan da ke gogar juna har ta zama ba ta kai kaurin gashi ba, sannan a ɗora kwamfuta ta riƙa lura da komai. Kowace dabara daga cikin waɗannan tana zuwa da sharaɗinta, kuma sharuɗɗan, wato mai mai tsabta da baƙin mai na musamman da shimfiɗaɗɗiyar hanya da bakanike mai na'ura, ba sa hawa jirgi tare da motar. Mahayan Borgou da suke fitowa bikin Gani a Nikki sun daɗe da sanin cewa kuɗin sayen ingarma shi ne mafi sauƙi a cikin hidimarsa, domin harawa da dawa da kanwa da mai kula da barga kullum ne.

Wannan ne kuma ya bayyana arahar da take ruɗin mai saye a filayen sayar da motoci na Sèmè-Kpodji da ke kusa da Kwatano. Babbar BMW ko Range Rover ko Porsche Cayenne mai shekara 12 takan faɗo ƙasa har farashinta ya kusanci na Toyota Corolla da ba ta kai ta tsufa ba, ba don dillali yana da tausayi ba, sai don mai ita na farko ya rabu da ita daidai lokacin da manyan gyare-gyare suka fara ƙaratowa. Farashin mota yana faɗuwa da shekaru, amma farashin kayan gyaranta yana nan inda kamfani ya ajiye shi ranar da ta fito sabuwa. Ma'aikatar binciken sufuri ta ƙasar Holan ta duba motocin da ake lodawa zuwa Afirka ta Yamma, ta kuma bayyana a 2020 cewa da yawa ba su da takardar shaidar lafiyar hawa titi, wasu kuma an riga an yanke musu matatar hayaƙi, wato tukunyar da ke cikin salansa mai rage dafin hayaƙi, saboda ƙarafa masu daraja irin su filatinam da ke cikinta.

Sharaɗi na farko da yake karyewa shi ne na fetur. A Benin, mafi yawan masu ababen hawa sun daɗe suna shan kpayo, wato fetur ɗin da ake shigowa da shi daga Najeriya ta bayan fage a sayar a kwalabe da jarkoki a bakin titi, kuma a Parakou samunsa bai taɓa zama wahala ba saboda kusancin iyaka. Babur ɗin ɗan zem, wato ɗan acaɓa, da tsohuwar 504 mai kafireta suna shanye shi ba gardama, domin ƙofofin da mai yake bi a cikinsu masu faɗi ne. Injin zamani kuwa yana fesa fetur kai tsaye cikin silinda ta nozul mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani sosai, da matsin da ya ninka na iskar da ke kewaye da mu sau 200 ko fiye, na gas ma yakan kai ninki 2,000. Ƙurar da ta shiga buɗaɗɗiyar kwalba, da tsatsar durom, da ɗigon ruwan da ya kwanta a gindin jarka, duk suna isa su cinye famfon da ke ba da wannan matsi, kuma tsumman da ake ɗaurawa a bakin mazurari ba ya tare ko ɗaya daga cikinsu yadda ya kamata.

Ko man gidan mai ma yana da nasa zancen. Akwai ma'auni da ake kira oktan, wanda yake nuna iya matsin da fetur zai jure kafin ya kama da kansa. A Turai na gama-gari 95 ne, yawancin motoci masu gudu kuma 98 aka rubuta musu, alhali ƙa'idar yankin nan ta tsaya a wajen 91. Idan fetur ya kama kafin fulogi ya ba shi wuta, inji yakan yi wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sai kwamfutar mota ta ji, ta rage masa ƙarfi don ta cece shi, ta yadda mai motar yana biyan kuɗin doki 400 amma ba dukkansu suke fitowa daga barga ba. Sai kuma farar wuta da ke cikin mai, wadda take toshe matatar hayaƙi kuma take saurin lalata baƙin mai. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta ƙasar Suwizalan ta gwada man gidajen mai a ƙasashen Afirka takwas, har da Benin, ta samu wani gas da farar wutarsa ta ninka abin da dokar Turai ta yarda da shi fiye da sau 300. A 2020 ECOWAS ta amince a tsayar da ita a kashi 50 cikin miliyan, wanda ci gaba ne babba, ko da yake har yanzu ninki biyar ne na Turai, kuma amincewa a takarda daban take da abin da ke cikin tankin kowane gidan mai.

Yawan shan man ya zama magana mai nauyi tun ranar 29 ga Mayu 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur a Najeriya, domin cikin 'yan kwanaki kpayo ya kamo farashin gidan mai, a wasu wurare har ya wuce shi. Lissafin ba shi da wuya. Zuwa Kwatano da dawowa daga Parakou ya haura kilomita 800. Ƙaramar mota mai shan lita 7 a kilomita 100 za ta buƙaci lita 56, babba mai silinda takwas da ke shan lita 15 kuwa sai ta sha 120, kuma idan aka ɗauki lita a kan sefa 700, bambancin tafiya ɗaya ya kusa jaka 45, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jaka 52 a wata tun farkon 2023.

Batun sanyi ya fi kowanne rikitarwa, domin waɗannan motoci an shirya su ne don sanyin ƙanƙara, kuma cikin shirin akwai abin da ba shi da amfani a nan, akwai kuma abin da ake zubarwa bisa kuskure da zaton na ƙasar sanyi ne kawai. A jikin galan ɗin baƙin mai akan ga rubutu irin 5W-30 ko 20W-50. Lambar farko tana nuna yadda man yake gudana idan inji ya yi sanyi, ta biyu kuma kaurinsa idan ya ɗauki zafi. Ra'ayin da ya yaɗu a garejoji shi ne ƙasar zafi sai mai mai kauri, kuma ga tsohon injin da ya riga ya sassauta wannan ba laifi ba ne. Amma zafin cikin inji ba rana ce take ƙayyade shi ba, yana wajen digiri 90 zuwa 100 ko a Jamus ko a Djougou, kuma injin da aka yi wa siraran hanyoyin mai, idan aka ɗura masa mai kauri, sassansa na sama da turbo sukan yi 'yan daƙiƙu suna juyawa a bushe kowace safiya. Turbo, wato fankar da hayaƙi yake juyawa don ta cusa iska cikin inji, tana zagayawa fiye da sau 100,000 a minti guda a kan siririn shafin mai, shi ya sa ita ce ta farko da take mutuwa idan man bai dace ba ko an jinkirta juye. Tazarar juye mai tsawo da kamfanoni suke rubutawa, kilomita 15,000 ko fiye, ta hanyoyin Turai ce. Littafin motar da kansa yakan ce a rage ta a wuri mai ƙura da zafi.

Haka abin yake ga ruwan lagireto. Ruwan nan mai launin kore ko ja da mota take zuwa da shi, gaskiya ne yana hana daskarewa har ƙasa da digiri 35 ƙarƙashin sifili, abin da ba wanda yake buƙata a Borgou, amma yana kuma ɗaga matakin tafasa, yana hana tsatsa cin alminiyon ɗin da aka yi kan inji da shi. Maye gurbinsa da ruwan rijiya yana tara gishiri da tsatsa a ƙananan bututun lagireto, sai mota ta fara zafi bayan shekara ɗaya ko biyu, daga nan sai a cire tamostat, wato bawul ɗin da ke riƙe zafin inji a mataki guda, a haɗa fanka kai tsaye da batir. Wannan magani yana ɓoye ciwon ne kawai, kuma a safiyar hunturu yana haifar da wani: inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, kwamfuta tana ɗauka har yanzu a sanyaye yake, sai ta ci gaba da ƙara masa fetur, wanda rararsa take wanke man da ke jikin silinda. Abin takaici ne ganin inji mai tsadar gida yana lalacewa saboda an ƙi sayen galan biyu na ruwa.

Abin da ya kamata a zubar kuwa shi ake bari. Mota da ta fito daga Kanada ko Jamus sau da yawa takan iso da tayoyin ƙanƙara, waɗanda ake gane su da hoton dutse mai ƙololuwa uku da tauraron ƙanƙara a gefe. Robarsu mai laushi ce, an yi ta don yanayin da bai kai digiri 7 ba, saboda haka a kan kwaltar Maris mai ƙuna takan cinye da sauri, birki kuma ya ƙara tsawo. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka yi ta, kamar 2316 da ke nufin mako na 23 na 2016, kuma tayar da ta haura shekara shida abar tuhuma ce ko da zanenta bai goge ba. Gishirin da ake watsawa a titunan waɗancan ƙasashe don narkar da ƙanƙara shi ma yana biyo motar, ya ci ƙarƙashinta da bututun birki, inda fentin da aka goge ya yi ƙyalli ba ya nunawa.

Hunturun yankin nan, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba sanyinsa ne abokin gabar mota ba, domin ko da dare ya yi tsanani ba ya kusantar daskarar da komai. Iyakarsa ya tona asirin batir da ya tsufa, ya kuma ɗan rage iskar taya da asuba. Abokin gaba shi ne ƙurar da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodélé na ƙasar Chadi, ta haɗu da jar ƙurar unguwa da tokar gobarar daji. Kafin inji ya ƙona lita ɗaya ta fetur sai ya shaƙi iska kusan lita 9,000, kuma mota mai shan ninki biyu na mai ninki biyu na ƙura take jawowa zuwa matatar iskarta. Al'adar fitar da matatar a busa ta da iska mai ƙarfi a mayar tana yaga takardar ta yadda ido ba zai gani ba, daga nan ƙurar, wadda yawancinta ɓarɓashin yashi ne, ta wuce ta goge fukafukan turbo, ta dusashe na'urar auna iska, ta shiga tsakanin ringi da silinda tana aikin sanfefa. Ba ranar ake ganin sakamakon ba. Sai damina ta zo a tarar mota ta fara cin baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi.

A kan hanya kuma hunturu yana rage wa gudu amfaninsa gaba ɗaya. Lokacin ya zo daidai da kakar auduga, sa'ad da manyan motoci masu lodi har sama suke tafiya a hankali zuwa masana'antun gurza, ga shanun Fulani masu tsallaka titi, ga babura marasa fitilar baya, ga hayaƙin ƙonar daji da kan rufe hanya ba zato. Mota mai gudun kilomita 120 a awa tana cin mita 33 a kowace daƙiƙa, kafin ma ƙafar direba ta kai ga birki, kuma idan gudu ya ninka biyu tazarar tsayawa ninki huɗu take yi. A cikin hazo doguwar fitila ba ta ƙara gani, dawowa take yi ta haske idon direba, saboda haka gajeriyar fitila da rage gudu su ne dabara, kamar yadda ake yi a hazon Turai. Haɗarin da ya keɓanta da babbar mota shi ne shirunta: a 140 ba ta girgiza, ba ta ƙara, jikin direba ba ya gaya masa abin da tsohuwar 504 take gaya wa nata tun a 90.

Ƙarƙashin motar ma yana biyan nasa harajin. Aikin shimfiɗa kwalta da gwamnati ta fara a manyan garuruwa a 2018 ya gyara tituna da dama a Parakou, amma lunguna da yawa a unguwanni irin Titirou har yanzu jar ƙasa ce da ruwan sama yake yi wa kwari kowace damina. Taya mai siririn gefe a kan faffaɗan rim ba ta da inda za ta lanƙwasa ta shanye rami, sai ta kumbura a gefe ko rim ɗin ya tsage, kuma shakazoba mai jakar iska, irin ta Range Rover da manyan Mercedes, ƙura da zafi suna busar da robarta har a wayi gari mota ta durƙusa a gefe guda.

Duk wannan yana komawa hannun bakanike, kuma adalci ne a ce makanikan Parakou da Djougou gwanaye ne a abin da suka gada: da kunne da hannu suke gano ciwon inji, su tayar da motar da a wata ƙasa da tuni an kai ta bola. Sai dai motar da take ɗauke da kwamfutoci gommai ba ta faɗin ciwonta ga kunne, sai an jona mata na'urar bincike, an kuma samu wanda ya iya fassara abin da ta nuna, in ba haka ba gyara ya koma canki-canki, a sauya wannan a sauya wancan da kuɗin mai mota. Kayan ma sai an aika Kwatano ko kasuwar Ladipo ta Legas, wani lokaci a jira makonni, kuma komai ninki ne: baƙin mai lita takwas ko tara maimakon huɗu, fulogi 16 a wasu injunan Mercedes masu silinda takwas, harajin shekara na ababen hawa da kuɗin inshora kuma suna hawa gwargwadon dokin da aka rubuta a takardar mota. Shi ya sa waɗanda suke neman girma da ƙwari tare suke karkata ga Lexus da Land Cruiser masu manyan injuna marasa turbo, waɗanda suke samun ƙarfinsu daga girman inji maimakon matsi. Man da suke sha ba kaɗan ba ne, amma suna yafe kuskure, kuma kayansu suna kusa.

Hanyar fita daga irin wannan mota ita ma ta ƙuntata. A da, wanda riƙo ya gagara yakan tura ta gaba ga mai saye daga Najeriya ko Nijar, amma Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa daga ranar 1 ga Janairu 2017, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka rufe gadar Malanville da ke kan iyakar Benin da Nijar, kuma Nijar ta ci gaba da riƙe nata ɓangaren a rufe ko bayan ECOWAS ta ɗage takunkumin da ta sa mata a Fabrairun 2024. Masu saye na cikin gari kuwa sun san tarihin kowace babbar mota, sun san watannin da ta yi a rufe da tamfol tana jiran famfon mai daga Legas, kuma da wannan sanin suke taya ta.